Wayar Asumana

Sau uku ya kawo mini wayarsa cikin shekara guda.
Rumfata tana bakin tashar Tawa,
inda motocin Abijan ke tsince samarinmu
kamar kaza ta samu gero a faifai.

Karon farko gilashi ne ya tsage.
Ƙarƙashin tsagar akwai hoto:
shi da Agali, ƙwallo ɗaya a tsakaninsu,
ƙafafu sun yi ja da ƙasar Adar.
Ya ce in yi masa lamuni sai sakamakon konkur ya fito.
Ya fito. Babu sunansa.
Takardar bak ɗinsa ta koma leda, ƙarƙashin katifa,
wurin kuɗin da gidansu ya mallaka,
kuɗin cizo.

Karo na biyu batir ne ya kumbura.
Na ce, kai ba ka barinta ta runtsa?
Ya yi dariya. An sa shi cikin wani gungu, in ji shi.
Da fari bidiyon kokowa ne da barkwanci.
Sai wani da suke kira Shef ya turo masa kiredi.
Sai ya kira shi da tsakar dare:
ƙanena, ka ci abinci?
Shekara biyu ba wanda ya yi masa wannan tambaya.

Daga baya aka zo ga ɗaya tambayar:
ka san wanda ya cinye gurbinka?
Ba su ce masa ɗan mai hannu da shuni ba ne.
Sun nuna masa maƙwabci.
Mu ne gero, su ƙuduji ne a gona,
haka muryar ke faɗi, a sanyaye,
ina jinta tana fita ta lasifikar da na gyara da hannuna.
Ya ajiye jaka biyar sabuwa ƙal.
Bai tsaya karɓar canji ba.

A fada ya daina karɓar shayi in Agali ne ya dafa.
Ya ce cikinsa ne.

Karo na uku lafiyar wayar ƙalau.
Ya zo bisa moto mai leda a sirdi,
ya yi ƙiba, idonsa ya tsaya wuri ɗaya,
maganarsa duk ta aro ce, kamar rigar da ta fi shi.
Goge komi, ya ce.
A satin ne aka wayi gari
da jan fenti a ƙofar kantin baban Agali.
Na dubi farcensa. Na sunkuyar da kai.
Na goge.

Jiya uwarsa, Ta Allah, ta zo da 'yar wayarta mai tocila,
lambarsa a rubuce bayan takardar magani.
Ɗana, duba mini, ko tawa ce ta lalace.
Na buɗe, na hura, na share, na mayar.
Na san ba tata ba ce.

Ban gaya mata ba:
kafin in goge, na kwashe hoto ɗaya.
Yana cikin gwangwanin madara tare da ƙananan kusoshi,
a katin da bai kai farcen yaro ba.
Yara biyu, ƙwallo ɗaya.

In ya dawo,
ko da me ya dawo,
canjinsa yana nan.