Maɗin Kaka Blažena

Kaka ta yi, kakata ma ta fito,
gyale mai jan fure ɗaure a ka.
Ta ce, "Radim, jawo tukunyar tagulla,
ɗinya ta nuna har tana faɗowa da kanta."

Shuɗiya ce, da ƙura a fata kamar an barbaɗa toka.
Muka wanke, muka tsaga, muka fidda ƙwallo
har yatsunmu suka koma na marina.
Ba sukari, ba zuma, ba ɗigon ruwa.
"Zaƙin yana ciki," in ji ta,
"haƙuri ne kawai ke kiransa ya fito."

Povidla ake ce masa a nan Morabiya.
Muciyar ta kusa tsayin mutum,
wuta ƙasa-ƙasa, dare guda cur.
Ka saki hannu gindi ya kama,
ƙaurin kuwa zai bi ku har wata kakar.

Maƙwabta suka shigo, kowa da kujerarsa.
In tuƙi ya yi nisa, baki kan buɗe.

Itatuwan suna ƙetaren rafi,
can kuwa yanzu wata ƙasa ce.
Ta ce daren sabuwar shekara ta kwanta
gonarta na bayan ɗaki,
gari ya waye gonar ta yi ƙaura
ba tare da saiwa ɗaya ta motsa ba.
Ba a harba bindiga ba.
Manya ne suka zauna, suka sa hannu,
Prag ta ɗauki nata, Bratislava ta ɗauki nata,
kamar wa da ƙani na rabon kwanukan gado:
ba zagi, ba dambe,
sai dai kowa ya kasa kallon idon ɗan'uwansa.

Kakana Vendelín a can yake kwance,
makiyayin tumaki, mutumin tudu.
Da cuku ƙunshe a tsumma ya zo neman aure,
warinsa ya riga shi sallama.
Yana magana da harshensa, tana amsawa da nata,
shekara arba'in da ɗaya ba tafinta.
Faɗansu bai wuce na tukunya ba:
shi halušky, curin dankali a cikin cuku,
ita knedlíky, a yanka da zare a tsoma a miya.

Kakar farko bayan rabuwa
wani yaro mai kaki ya tare ta a gada.
Gemu bai fito masa ba.
"Ina takardar kwandon nan?"
Ta sauke kaya, ta dube shi sama da ƙasa.
"Je ka tambayi itacen.
A inuwarsa aka yi wa ubanka askin farko."
Kunnensa ya yi ja.
Shi ya ɗauko mata kwandon har ƙofar gida.

Ga shi nan zaune, Štefan, kai duk furfura,
shi ke karɓar muciya in kafaɗata ta mutu.
Kullum sai ya ce ba haka aka yi ba,
kullum sai a ba da labarin haka.

Can wajen asuba maɗi ya yi baƙi ƙirin,
yana numfashi kamar tsohon sa.
Ta dasa muciya a tsakiya, ta janye hannu.
Ta tsaya da kanta.
"Ya yi."

Kwalba goma sha tara muka cika.
Ba ta rubuta komai a jikinsu,
ta ce harshe ba ya neman fassara.

Barci ya sace ta a kan kujera, takalmi a ƙafa.
Na ɗauki ɗaya mai ɗumi na nufi maƙabarta.
A bakin gada ɗakin masu gadi na nan,
taga a fashe, tsattsewa sun yi sheƙa a rufin.
Na wuce. Ba wanda ya tambaye ni komai.