Tsarabar Roma

Nomau, zuba mini na farko, mai ɗacin nan,
ka bar tambayata hotuna.
Kwana goma sha ɗaya na yi, na dawo Tawa
da sawu a kumbure da akwati gurgu.

Duwatsun titinsu suka cinye masa ƙafa
tun ban kai masauki ba.
Na ɗora shi a ka kamar buhun albasar Galmi,
masu tabarau suna kauce mini.

An ce mu Adarawa tafiya gadonmu ce,
daga Abijan har Turabulus ba inda ba mu taka ba.
Amma ni kallo na je, da guzurina,
da bizar da ta sa na san kowane benci a Yamai.
Sai ga wata tsohuwa a bakin tasha
tana tambayata nawa nake sayar da laima.
Laimata ce, baiwar Allah.
Ruwa ake yi.

Na ce a ba ni kafe.
Aka kawo abin da ko kanari ba zai jiƙa baki ba.
Na zauna in sha, kuɗin ya ninka,
ashe kujera ma haya suke ba da ita.

Kama ruwa, Nomau, yuro guda.
Na tsaya a ƙofar ina lissafi, mara na murɗa:
dala ɗari da talatin da ɗaya!
Na biya, na shiga, ba buta.
Tun ranar nake yawo da gora a aljihun riga
kamar wanda ya sato ta.

Awa uku a layi, ƙeya bayan ƙeya,
don in ga kangon da ba shi da rufi.
Yana da girma, ban hana ba.
Amma ƙanensa na nan bayan gidan Illa,
awaki ke kwana ciki, ba mai yankar tikiti.

Ranar da zan je garin nan da ke bisa ruwa
masu jirgin ƙasa suka shiga yaji.
Ƴar takarda kawai suka liƙa a gilashi.
Na karanta ta sau uku, ba ta san ni ba.

Rana kuwa ta ƙi faɗuwa sai ƙarfe tara,
ina zaune da alwala ina jiran magariba
kamar mai jiran bashi.
Na yi sallama a cikin lif,
mutum huɗu suka dubi takalmansu.

Abu ɗaya zan yaba:
famfon bakin hanya, dare da rana yana zuba,
sanyi har cikin haƙori, kuma kyauta.
Na tsaya kansa na tuna rijiyarmu a watan bazara,
har na rasa ko in sha ko in toshe shi.

Gyalen da na sayo wa Sahiya,
ta juya shi, ta duba bakinsa, ta yi shiru.
Da dare ta ce, akwai irinsa a kasuwar Lahadi,
har da mai ruwan goro.

Zuba na biyu, ka ƙara sukari.
Af, kafin in gyara zama,
kujerar nan taka nawa ce?