Taƙin Arzika

Shekara goma sha bakwai ke nan
ina bin rana ɗaki-ɗaki
da 'yar na'ura mai ido ɗaya,
kamar mai bin bashi.
Hantsi in rubuta, azahar in rubuta,
la'asar in dawo in tarar ta sauya wurin kwana.

A jami'a Dakta suke ce mini.
A Bunza kuwa ni ce ta Arzika magini,
wadda ke miƙa tubali tun ba ta yi wayo ba,
makuba ta rine mata farce,
aka yi salla ba ta nemi lalle ba.

Na je ƙasar da rana ke rowa,
inda ake fasa bango a liƙa gilashi don a roƙe ta.
Na dawo da digiri da tari,
na tarar mun kwafo tagoginsu kaf,
sanyin ne muka manto a can.
Ga aji huɗu, rufin kwano,
yara sittin da uku suna nuna kamar dankali a toka.
An rufe taga don zafi,
an rasa allo don duhu,
ƙwan lantarki na reto a sama,
tun bara bai ce uffan ba.

Na rubuta takarda, ta yi wata tara a hanya,
ta dawo da tambaya: ina hujjar laka na riƙe sanyi?
Hujja! Ni da aka haifa a soro.
Kwamitin ƙarin girma ya ƙirga, ya ce saura biyu.
Yajin aiki ya cinye zango guda,
batirin na'ura ya ci nasa a albashina.
Nomau, ɗalibina mai kaifin hannu,
yana can yana zana wa masu kuɗi benen gilashi.
Ya aiko mini da turmin atamfa,
na ɗinka, ban ga laifinsa ba.

Ran da muka huda bangon ajin nan
na ɗauko Baba a bayan mashin.
Yana ta riga ta rufe masa ido,
fari fat kamar an ɗiga nono.
Ya kifa tafinsa a bango, ya daɗe,
ya juya kunci yana sauraron iska.
"Ke, mi kika aunawa?"
Na ce haske.
Ya yi dariya har da tari.
"Rana baƙuwa ta.
Ba a kora tata, ba a sakam mata gida.
Tabarma aka nuna mata.
Ɗaga tagag ga taƙi guda,
ki bar ta ta gaida rufi kahin ta sauko ga yara."

Mako uku kwamfutata ta yi tana lissafi
kafin ta ce santimita ashirin da biyu.
Da dare na auna taƙinsa yana barci.
Ban gaya wa kowa ba,
na dai zauna a bakin gado har aka kira assalatu.

Muka ɗaga. Muka shafe rufi da farar ƙasa,
muka yi wa bangon yamma rumfar zana.
Na sa sunansa a gaban nawa a takardar,
edita ya rubuto: wace jami'a yake?
Layin nan har yau ban cike shi ba,
Baba ma bai jira ba,
damina biyu ke nan da muka kai shi.

Jiya na koma da na'urata.
Haske ya shigo ta sama, ya gaida rufi,
ya sauko a hankali ya zauna a kan littattafai.
Can benci na ƙarshe wata Hajo
tana karanta allo da ƙarfi, ba ta ƙanƙance ido ba,
ta yi kuskure a kalma ta uku, ta koma ta gyara.
Sai da na kai Kalgo
na tuna ban rubuta lambar ba.