Daƙiƙa Goma Sha Biyu

Ni ke wanke gilasai a keken dokin maigidana Pruden,
a bakin kogin Rapidan, shekara uku da fara yaƙi.
Ruwan azurfa ya ci yatsuna,
sun yi baƙi kamar na marini,
sabulu ya gaji ya bari.

Kyaftin Orrin Haskett ya zo da hantsi.
Ya goge maɓallan rigarsa da toka,
ya aro takobi a tantin maƙwabci,
nasa na can cikin laka tun Talata.
Gemu bai gama rufe haɓarsa ba.

Na kafa masa ƙarfen nan a ƙeya,
mai baki biyu kamar awartaki,
wanda hoto ba ya tona wa asiri.
Maigida ya shige baƙin ƙyalle, ya ce:
Kada ka motsa, Kyaftin. Kada ka ƙifta.
Goma sha biyu zan ƙirga.

Ɗaya. Biyu.
Mai ba mutum ɗari umarni
ya yi tsuru kamar yaron da aka kama a gonar tuffa.
Biyar, ƙuda ya zagaya kunnensa ya wuce.
Bakwai, igwa ta yi tari a hayin kogi,
can inda ƙanin matarsa ke sanye da ruwan toka,
shi kuwa da shuɗi.
Idonsa bai tafi can ba.
Hannunsa ne ya tafi, na hagun,
ya yi ɓari a kan kube.

Sha biyu.

Na ruga da gilashin tun bai bushe ba
cikin duhu mai warin magani mai sa jiri.
Na kwarara ruwa, na jira.
A gilashi komai a juye yake fitowa,
fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari.
Sai ga Kyaftin da furfura fat,
gira fara, ɗan gemun fari,
tsoho ɗan tamanin a kujerar sansani,
da ɗan hayaƙi a gurbin hannun hagu.

Ya ce ko a sake?
Maigida ya ce dala biyu.
Ya yi dariya, ya ce a bar shi haka,
a aika wa Lavinia a Ohio,
ta san hannun, ba sai ta gani ba.

Kwana tara bayan nan daji ya kama da wuta
da mutane a ciki.
Sunansa ya fito a jarida, layi na sha huɗu,
an ci masa harafi guda.

Takarda ta tafi Ohio, saurayin ne a kanta.
Gilashin ya zauna wurina,
a akwati, tsakanin tsofaffin riguna.

Yau shekara talatin da ɗaya.
Ni ma furfurar ta iso, ba ta yi sallama ba.
In na ɗaga shi ga taga da la'asar
sai mu dubi juna, tsofaffi biyu.
Ni na biya tawa da shekaru,
shi tasa aro ce, kamar takobin.

Har yau bai ƙifta ba.
Hannun kuwa bai daina ɓari ba,
ko nawa ne, ban iya rabewa.