Akwati na Sha Ɗaya

Motar ta hau dutsen tana nishi
kamar jakin da aka yi wa lodin gishiri.
Kwana arba'in kayan na bisa teku,
wata uku a hannun 'yan kwastan,
yau ga su a ƙofar asibitinmu, can sama da Potosi,
inda iska ba ta cika huhun baƙo.

Ni ne Teodosio, mai gyara.
Sukudireba uku gare ni, ɗaya bakinta ya karye.
Sista Remigia ta ce in buɗe a hankali,
wai wanda aka ba, ba ya zaɓe.

Akwati na fari, injin hoton ƙirji,
fari fat, ya fi ginin nan duka tsada.
Filoginsa ƙafa uku, bangonmu rami biyu,
wutar da zai sha kafin azahar
garin nan bai ganinta a mako.
Littafinsa kuwa, ko malamin makaranta
sai da ya juya shi sama da ƙasa, ya miƙo mini.

Na huɗu, safar hannu dubu shida, duka na ƙarti.
Na bakwai, ruwan allura
da wa'adinsa ya cika tun yana tsakiyar teku.

Bayan ɗakin wanki akwai rumfar kwano,
mu dai makabarta muke ce mata.
Nan alherin bara yake kwance, da na bara waccan.
Kaza ta yi ƙwai a cikin injin wankin ƙoda.
Nakan shiga da tocila,
in ciri fis a jikin wannan, waya a jikin wancan,
in ce su yafe mini.

Sai na sha ɗaya.
Kwalbar bakwaini ce, tsohuwa, gilashinta duk ƙarzuwa.
An ɗaure mata leda a ƙugu:
fis goma sha biyu, roba ta canji,
da filogi mai ƙafa biyu.
Ashe wani ya tambaya.
Ga kuma takarda, da biro,
cikin Sifaniyancin da ke ɗingishi:

"Ƙofar hagu tana cijewa.
Ɗaga ta kaɗan kafin ka ja.
Shekara sha tara tana ɗumama mana yara a Tampere.
Sirkka."

Daren Laraba ƙanƙara ta sauka har kan tagogi.
Fermina, matar wani mai haƙar ma'adini,
ta haihu wata bakwai.
Yarinyar ba ta fi takalmina tsawo ba,
kukanta kamar na ɗan mage a bayan bango.
Da can, kwalaben ruwan zafi muke jerawa
mu naɗe da bargon ulu, mu zauna jiran asuba,
wani lokaci asubar ta zo ita kaɗai.

Remigia ta ja ƙofar, ta ƙi.
Ta sake ja, hannunta na rawa.
Na ce, ɗaga ta kaɗan.

Yau kwana ashirin da uku.
Yarinyar ta fara jan nono da faɗa.
Injin hoton yana nan cikin ledarsa,
mun ɗora masa tukunyar shayi.

Jiya na sayi ambulan a gari.
Godiya ta yi mini wuyar rubutawa,
na yaga takarda biyu.
A ta uku na ce:
Sirkka, ƙofar dama ma ta fara cijewa.
Ita kuma yaya ake yi mata?