Ƙashi a Wuyan Jita

Luba ta zo shagona da hantsi,
jitar babanta naɗe cikin zanen gado.
Ta ce, "Baffa, tsirkiya ta uku na zuza
kamar zuma ta shiga tulu.
Na ɗaure, na kwance, ta ƙi barin nishi."

Ni kafinta ne, ƙofa na sani da kujera.
Namakka, wana, shi Allah ya ba yatsu.
Shekara ashirin yana gadin tashar jirgi a Ƙaura,
in dare ya raba sai ya jingina da tarago
ya kaɗa wa ƙarfen dogo abin da ke cin shi.

Na duba can sama, inda wuya ya gamu da kai.
Ga ɗan farin abu, bai kai ƙaramin yatsa ba,
tsirkiya shida kwance bisansa,
kowace da ramin da take sa kai.
Roba ce, ta tsage, rami na uku ya zurma.
Ban san sunansa ba, sai na raɗa masa matashi.

Na murɗa kunnuwa shida, tsirkiyoyi suka saki jiki.
Na bi gefensa da reza
kada fenti ya biyo shi ya ɓare.
Na ɗora guntun katako, na taɓa da guduma
irin ƙwanƙwasar ƙofar mai jinya.
Sau ɗaya.
Sau biyu.
A na uku ya tashi.

Ƙarƙashinsa ga takarda ninki huɗu,
ta yi ja don tsufa, gam ya cinye gefenta.
Tikitin jirgi ne, Ƙaura zuwa Zariya.
Da shi wana ya tallafe matashin
ranar da ya ji ya fara nutsewa.
Ɗaki ɗaya muka tashi, akushi ɗaya,
ban san ya taɓa zuwa Zariya ba.
Na miƙa wa Luba. Ta karanta, ba ta tambaye ni ba,
a bakin mayafi ta ƙulle shi.

Ranar kasuwa na sami Nomau a rumfar fawa.
Na ce ƙwaurin sa nake so, banda nama.
Ya yi dariya har wuƙa ta faɗi:
"Yaushe kafinta ya koma kare?"
Ya ƙi kuɗina. Ya ce in an gama
a zo a kaɗa masa, shi ne bashi.

Na dafa shi da kanwa har maiƙo ya fita,
kwana uku yana shan rana bisa kwanon shago.
Zarto ya yanka, magagari ya daidaita,
shago ya cika da ƙaurin ƙashi.

Rami shida na tsaga, mai kauri da nata, siririya da nata.
Garaje ya ci ni a na biyar, hannu ya zarce,
tsirkiya ta kwanta kan ƙarfe tana zuza.
Abin da magagari ya ci ba ya amayarwa.
Na jefa shi kwata, na kwana da haushi.

Na biyu na bi shi kamar mai aske jariri:
goga kaɗan, ɗora tsirkiya, kasa kunne,
cire, hura, sake gogawa.
Gam ɗigo biyu kawai na sa,
don wanda zai zo bayana da gudumarsa
ya taɓa sau uku ya same shi da taushi.

Luba ta ɗaure kunnuwa ɗaya bayan ɗaya,
ta ja babban yatsa daga sama har ƙasa.
Zuma ta fita daga tulu.
Amon ya fi na da tsabta, na ji haka,
amma ba na Namakka ba ne.
Tsohuwar robar na sa a gwangwanin ƙusa.
Na ce, "Naɗe ta a zanen, mu je rumfar fawa,
Nomau na jiran kuɗin ƙashi."