Hoton da Murjanatu Ta Aiko

Murjanatu ta aiko hoto daga Italiya,
wani gidan waƙa, in ji ta, ya girmi kakan kakana.
Benaye sun kewaye zaure kamar kofaton doki,
jan karammiski, ruwan zinare, fitilu rututu.
Gobara ta taɓa lashe shi, suka sake tayar da shi,
yau har kuɗi ake biya a kalli kujerun ba kowa.
"Kaka, nan mace ɗaya ke cika ɗaki da murya, ba lasifika."

Na yi ta kallo har fuskar wayar ta yi duhu.
Sai na ɗau sanda, na tari kurkura,
na ce a kai ni bayan Ƙofar Ƙaura,
inda na sayar da tikiti shekara goma sha tara.

Mu ma mun yi namu.
Bencin katako, kwano mai yoyo ta kusurwar gabas,
labulen buhun gyaɗa da Tabawa ta rina da baba.
Sallau ke fitowa alƙali.
Ran nan gemunsa na auduga ya faɗi ana tsakar shari'a,
ya ɗauka, ya hure, ya ce, "An ɗaga ƙara!"
Dariyar sai da ta kai Rafindadi.

Yau buhunan taki ne har rufi.
Yaron da ke gadi ya ce, "Baba, buhu nawa?"
Na ce, "Taga nake nema."
Tana nan, an toshe ta da bulo uku,
amma ƙusar da nake rataye jakar canji
ba ta gusa ba.

Na hau dandamali, gwiwa na ƙara.
Na yi gyaran murya.
Tantabaru biyu suka tashi,
gini ya maido mini da tarina
yadda yake maido da muryar Sallau,
wanda muka raka makwanci damina bakwai ke nan.

Na miƙa wa yaron waya: "Ɗaukar mini ƙusar nan."
Ya dube ni, ya dubi ƙusa, ya ɗauka.
Na aika mata.

Har na koma gida, har aka yi magariba, shiru.
Bayan isha'i ta rubuto:
"Kaka, mene ne wannan?"

Na ce da Ilu ya jona wayar a caji,
ya ɗora ruwan shayi.
Bayanin da tsawo.